Yara Masu Jari da Kuɗin Jami'a a Amurka

A shekarar 1965 wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Fred DeLuca ya gama sakandare a garin Bridgeport na jihar Connecticut a Amurka. Burinsa ya zama likita, amma kuɗin jami'a sun fi ƙarfin gidansu. Ya kai kukansa wurin wani aminin iyayensa, Dakta Peter Buck, masanin kimiyyar nukiliya. Buck bai biya masa kuɗin makaranta ba. Dala 1,000 ya zuba, ya ce a buɗe shagon sayar da burodi mai haɗin nama da ganye, abin da aka samu yaron ya yi karatu da shi. Wannan shagon ne ya zama Subway, mai rassa dubbai a faɗin duniya. DeLuca ya kammala jami'ar Bridgeport a 1971, sai dai likitancin bai yiwu ba, domin kasuwa ta riga ta yi awon gaba da shi.

A zamaninsa, yaro kan yi sana'a ne don ya tara kuɗin makaranta. Daga baya al'amarin ya ɗauki wani salo. Sana'ar kanta ta zama abin da ake nunawa a samu tallafin karatu, kamar yadda wani ke nuna sakamakon jarrabawa, wani kuma bajintarsa a filin ƙwallo. Ɗan ajin ƙarshe a sakandare da ke yanka ciyawar farfajiyar gidaje da ma'aikata biyu a ƙarƙashinsa, ko yarinyar da ke haɗa sabulu tana sayarwa ta intanet, suna iya cike fom su nemi a biya musu wani ɓangare na kuɗin jami'a saboda kasuwancin nasu. A ido abin sha'awa ne. Amma idan aka bi diddigin wa ke bayarwa, nawa ake bayarwa, wa ke samu, da abin da ke faruwa da kuɗin bayan sun isa ofishin kuɗi na jami'a, labarin ya fi haka sarƙaƙiya.

Sai an san tsadar karatun kafin a gane ƙimar tallafin. Alƙaluman cibiyar College Board na zangon 2024 zuwa 2025 sun nuna matsakaicin kuɗin karatu na shekara guda a jami'ar gwamnati, ga ɗan asalin jihar, dala 11,610 ne. A jami'a mai zaman kanta kuwa dala 43,350. Ba a sa kuɗin ɗaki da abinci da littattafai a ciki ba. Gaskiya ne ɗalibai da yawa ba sa biyan wannan farashin duka, ana yi musu rangwame gwargwadon halin gidansu. Duk da haka bashin karatu da gwamnatin tarayya kaɗai ke bin Amurkawa ya haura dala tiriliyan 1.6, yana wuyan mutum sama da miliyan 40. Tallafin Pell, wanda gwamnati ke ba 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ba tare da a biya ba, iyakarsa a wannan zangon dala 7,395. Giɓin da ke tsakani shi ne abin da iyalai ke fafutukar cikewa, kuma nan ne tallafin ƙungiyoyi da attajirai ke shigowa.

Shiri biyu sun fi nuna yadda tallafin yara 'yan kasuwa ke tafiya. Na farko na NFIB ne, ƙungiyar masu ƙananan masana'antu da shaguna da aka kafa a 1943. A 2003 gidauniyarta ta soma ba ɗaliban ajin ƙarshe masu kasuwancin kansu kyautar kuɗin karatu. A shekarun da shirin ke tashe, akan zaɓi kimanin ɗalibai ɗari a shekara. Mafi yawansu dala dubu ɗaya ko biyu suke samu, 'yan ƙalilan da suka kai matakin ƙarshe su ne ke samun dubu biyar ko fiye. Na biyu na Andrew McKelvey ne, attajirin da ya kafa kamfanin talla a 1967 wanda daga baya ya zama uwar shafin neman aiki na Monster. Gidauniyarsa ta fi sakin hannu: har dala 10,000 a shekara, tsawon shekara huɗu. Sharuɗɗanta ma sun fi tsauri. Dole kasuwancin ya shekara aƙalla ɗaya yana gudana, a ga kuɗin ciniki sun shigo, kuma a ga ma'aikaci aƙalla ɗaya da ake biya albashi, ban da mai kasuwancin. McKelvey ya rasu a 2008. Irin waɗannan shirye-shirye ransu na rataye ne a aljihun mai bayarwa da ra'ayin hukumar gudanarwa, shi ya sa jerin tallafin da ke yawo a intanet kan cika da sunayen shirye-shiryen da suka daɗe da rufewa.

Bayan waɗannan akwai gasanni. Jami'ar Delaware na shirya Diamond Challenge, inda 'yan sakandare daga ƙasashe daban-daban ke gabatar da tsarin kasuwanci su ci kyautar kuɗi. Akwai Junior Achievement, tsohuwar ƙungiya da ta faro a 1919, wadda ke sa ɗalibai su kafa ƙaramin kamfani a makaranta, su sayar da hannun jari, su yi ciniki, su raba riba a ƙarshen zango. Akwai NFTE, wadda Steve Mariotti ya kafa a New York a 1987. Mariotti ɗan kasuwa ne da ya koma koyarwa a unguwannin talakawa, ya lura yaran da darasi ba ya shiga kansu sukan farka da zarar an soma maganar sari da sayarwa. Sai kuma jami'o'i irin su Babson a jihar Massachusetts, wadda ta yi suna wajen koyar da kafa kasuwanci, inda 'yan shekarar farko ke karɓar rancen jari daga makarantar su juya shi a matsayin darasi.

Masu bayarwar ba don Allah kaɗai suke yi ba, kuma wannan ba abin zargi ba ne. NFIB ƙungiya ce mai kare muradun 'ya'yanta a majalisa da kotu. Ita ce ta kai ƙarar dokar inshorar lafiya ta Obama har Kotun Ƙoli, aka yanke hukunci a 2012. Hoton yaro ɗan shekara 18 da ya ɗauki mutum uku aiki hujja ce mai ƙarfi a hannun ƙungiyar da kullum ke cewa ƙananan 'yan kasuwa su ne ƙashin bayan ƙasa. Attajiri kuwa kansa yake hangowa a jikin yaron. Jami'a na neman ɗalibin da wata rana zai dawo ya gina mata ɗakin karatu da sunansa, kamar yadda Arthur Blank, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin Home Depot, ya ba Babson dala miliyan 50 a 2019.

Hujjar da ke bayan tallafin tana da ƙarfi, kuma na yarda da ita. Takardar sakamako ba ta nuna komai game da yaron da ya tashi ƙarfe biyar ya kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gidaje goma kafin ya tafi aji. Ba ta nuna ya iya sa farashi, ya iya ba abokin ciniki haƙuri, ya taɓa faɗuwa ya tashi. Sau da yawa ma kasuwancin ne ke jan makinsa ƙasa, domin awannin da abokansa ke bita shi yana wurin aiki. Tsarin da ke auna maki kawai yana hukunta shi kan abin da ya kamata a yaba masa. Tallafin nan gyara ne ga wannan rashin adalci.

Matsalar tana soma kunno kai ne a teburin alƙalai. Mutum biyar ko goma ne za su duba ɗaruruwan takardu daga jihohi hamsin. Ba za su je su ga shagon kowa ba. Abin da aka aiko musu shi za su auna: takardar rajistar kasuwanci, bayanin shige da ficen kuɗi na banki, takardar biyan haraji, lissafin riba da asara, wasiƙar shaida daga malami ko abokin ciniki, da muƙalar da ɗalibin ya rubuta game da kansa. Duk abin da ba ya cikin takarda, a wurinsu bai faru ba.

To, wane yaro ne ke da takardu? A yawancin jihohin Amurka wanda bai kai 18 ba ba ya ƙulla yarjejeniyar da doka za ta tilasta masa cikawa, don haka bankuna da kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet sukan nemi babba ya tsaya masa. Hukumar haraji na son duk wanda ribar sana'ar kansa ta kai dala 400 a shekara ya cike takarda ya biya harajin masu sana'ar kai, wanda ya kai kashi 15.3 cikin ɗari. Ɗaukar ma'aikaci a hukumance kuwa wani babi ne mai nasa fom-fom da nasa haraji. Yaron da mahaifiyarsa akanta ce ko mahaifinsa lauya, a teburin cin abinci za a gama masa duk wannan. Za a yi wa kamfaninsa rajista, a buɗe masa asusu, a ba shi aron motar gida da garejin ajiye kaya, abokan cinikinsa na farko kuma maƙwabta ne masu hali. Yarinyar da ke yi wa mata kitso a falon uwarta a wata unguwar Detroit ko Houston, tana karɓar kuɗi a hannu tana cika kuɗin hayar gida da su, ta fi shi sanin zafin nema. Amma ba ta da rasit, ba ta da asusu da sunan sana'ar, kuma ribarta ba ta taruwa balle a nuna bunƙasa, domin tukunya ce ke cinye ta kowane mako. A idon fom, shi ɗan kasuwa ne, ita kuwa ba kowa ba ce.

Bincike ya goyi bayan wannan zargi. Masana tattalin arziki Ross Levine da Yona Rubinstein, a wani nazari da suka wallafa a 2017, sun gano cewa masu kafa kamfanoni masu rajista a Amurka sun fi fitowa daga gidajen masu samu da iyaye masu ilimi. A 2023 kuma Raj Chetty da abokan aikinsa suka nuna cewa 'ya'yan kashi ɗaya cikin ɗari na mafi arziki sun ninka 'ya'yan matsakaita fiye da sau biyu wajen yin karatu a manyan jami'o'i masu zaman kansu irin su Harvard da Yale, ko da makin jarrabawarsu ɗaya ne. Cikin dalilan akwai nauyin da ake ba abubuwan da ɗalibi ya yi a wajen aji. Kafa kamfani na cikin irin waɗannan abubuwa. Da zarar iyaye sun gane ana ba shi maki, sai a fara kafa kamfanonin da ba don ciniki aka yi su ba. A buɗe shafi mai kyau a intanet, a zana tambari, a kira yaro shugaban kamfani, da takardar shiga jami'a ta iso sai a rufe. A nan sharaɗin McKelvey na ma'aikaci mai albashi ya yi hikima, domin albashi ba ya biyuwa da tambari. Sai dai sharaɗin nan da ya tace na bogi, shi ne kuma ya tace mai kitso.

Ko an ci tallafin, da sauran rina a kaba. Duk ɗalibin da ke neman taimakon gwamnati sai ya cike fom ɗin da ake kira FAFSA, wanda da shi ake lissafa abin da gidansu za su iya biya. Lissafin yana tausaya wa dukiyar iyaye fiye da ta ɗalibi. Daga ajiyar iyaye, abin da ake ƙirgawa a shekara bai wuce kashi 5.64 cikin ɗari ba. Daga ajiyar ɗalibi kuwa kashi 20 ne. Kuɗin da ɗalibi ya samu da guminsa, ana yafe masa kimanin dala 11,000 na farko, abin da ya haura haka a ƙirga rabinsa. A ɗauki misali: yaro ya yi shekara uku yana gyaran kekuna, ya tara dala 10,000 a asusunsa. Lissafin zai ce yana iya biyan dala 2,000 daga ciki a shekarar, a rage masa taimako gwargwadon haka. Da kuɗin nan a asusun mahaifinsa suke, abin da za a ƙirga bai kai dala 600 ba. Da ya kashe su a kan waya da takalma, ba za a ƙirga ko sisi ba. An sassauta wa gidajen da ke can ƙasa sosai, ba a tambayarsu kadara. Waɗanda abin ke ci su ne na tsakiya, 'ya'yan direbobi da ma'aikatan jinya da masu ƙananan shaguna, wato daidai gidajen da yara ke tashi da sana'a a hannu.

Ita kanta darajar kasuwancin an yi ta kai-kawo a kanta. Shekaru da dama ba a ƙirga ƙaramin kamfanin iyali mai ma'aikata ɗari ko ƙasa da haka cikin kadara. Gyaran dokar da ya soma aiki a zangon 2024 zuwa 2025 ya cire wannan rangwame, manoma da masu shaguna suka yi ca, sai dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta maido da shi daga zangon 2026 zuwa 2027.

Sannan ga abin da ya fi ci wa ɗalibai tuwo a ƙwarya. Ƙa'idar gwamnati ba ta yarda jimillar taimakon da ke bisa buƙata ta wuce buƙatar da aka lissafa wa ɗalibi ba, kuma dole ya sanar da jami'a duk tallafin da ya samo daga waje. Jami'a mai adalci takan rage masa bashi ne, ko awannin aikin da aka ɗora masa. Wata kuwa sai ta rage kyautar da ita ta yi niyyar ba shi, daidai da abin da ya samo. Yaro ya yi wata biyu yana haɗa takardu, ya ci dala 2,000, a ƙarshe baitulmalin jami'a ne ya ƙaru, shi yana nan inda yake. Jihar Maryland ce ta fara taka wa jami'o'in gwamnatinta burki kan wannan a 2017, wasu jihohi irin su New Jersey da California suka bi sahu. A sauran wurare sai dai ɗalibi ya tambayi ofishin tallafi tun kafin ya karɓi gurbin karatu: idan na kawo kuɗi daga waje, me za ku rage? A ganina wannan tambaya ta fi muƙalar da zai rubuta muhimmanci, kuma ba kasafai ake koya wa yara ita ba. Haraji ma yana jira a gefe: abin da aka kashe na tallafi a kuɗin karatu da littattafai ba a taɓa shi, amma wanda ya tafi ɗaki da abinci ana ƙirga shi cikin kuɗin shiga.

Akwai masu ganin duk wannan wahalar banza ce. Idan yaro ya riga ya iya neman kuɗi, me zai je yi a jami'a? Sukan kawo Bill Gates da ya bar Harvard a 1975, da Michael Dell da ya soma harhaɗa kwamfuta a ɗakin kwanansa na jami'ar Texas a 1984 ya bar karatun, da Mark Zuckerberg. Attajiri Peter Thiel ya mayar da wannan ra'ayi shiri sukutum: daga 2011 ya soma ba matasa dala 100,000 kowanne bisa sharaɗin su ajiye jami'a su rungumi abin da suke ƙirƙira. Cikin waɗanda suka amfana akwai Vitalik Buterin na Ethereum da Dylan Field na kamfanin Figma. Ba a musun nasararsu. Amma mutum ashirin ko makamancin haka ake tsamowa a shekara daga cikin haziƙan duniya, kuma da yawansu sun riga sun samu shiga manyan jami'o'i kafin su fita, suna da inda za su koma idan abin ya ƙi. Wani nazari da Pierre Azoulay na jami'ar MIT da abokansa suka yi da bayanan hukumar ƙidaya ta Amurka ya gano cewa matsakaicin shekarun masu kafa kamfanonin da suka fi saurin bunƙasa 45 ne. Mafi yawan masu nasara sun yi karatu, sun yi aiki a ƙarƙashin wani, sun san fannin ciki da waje kafin su buɗe nasu. Saboda haka ina ganin masu biyan yaro ya shiga aji sun fi masu biyansa ya fita gaskiya. Kasuwancin sakandare yawanci ƙarami ne, kuma iyakarsa unguwa. Da wuya sana'ar yankan ciyawa ta bi mai ita zuwa jami'ar da ke nisan kilomita dubu. Ko ya sayar da injinan, ko ya bar wa ƙane. Abin da ke bin sa shi ne sanin lissafi da sanin mutane, kuma su ne karatun zai ɗora a kai.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya yin murmushi, domin ɗan sakandaren da ke wucewa Kantin Kwari ko kasuwar waya ta Farm Centre bayan an tashi daga makaranta ba labari ba ne a wurinmu, haka ma ɗalibar da ke ɗinkin hula ko sayar da turaren wuta ta WhatsApp. Sai dai ƙofar tallafin Amurka a rufe take ga mafi yawansu, domin galibin shirye-shiryen na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. Wanda ya samu tafiya da bizar ɗalibi ma ya sani ba a yarda ya gudanar da kasuwanci a can ba tare da izini na musamman ba. Abin da aka halatta masa kai tsaye shi ne aikin cikin makaranta na awa 20 a mako. Abin da ya fi kusa da mu shi ne irin gasar Anzisha, wadda makarantar African Leadership Academy ta Johannesburg da gidauniyar Mastercard suka faro a 2011 don 'yan Afirka masu shekara 15 zuwa 22 da ke da kasuwanci mai gudana, da Junior Achievement da ke aiki a makarantun Najeriya tun 1999. Anzisha jari da horo take bayarwa don kasuwancin ya girma, ba kuɗin jami'a ba. Ita ma shaida take nema: yaushe aka fara, nawa ake ciniki a wata, mutum nawa ke cin abinci a ƙarƙashin sana'ar. Yaron da ke tsaron rumfar kawunsa a Kwari yana iya juya kayan miliyoyin naira a mako, amma idan rumfar ba tasa ba ce, kuma ba shi da littafin da ya rubuta nasa cinikin da kwanan wata, ba zai tsallake shafin farko na fom ɗin ba.